Anti Labule, Wadda Ta Koyi Tambaya da Hannu

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin makarantarmu, Sista ta riga ta iso. Jaka a kafaɗa, farin takalmin roba da wanki ya cinye, tana ɗan ɗingishi saboda gwiwar hagu da ta daɗe tana ba ta wahala. Ba kabad take fara buɗewa ba, ba fanka take fara kunnawa ba. Labule take fara dubawa. Wani koren labule ne mai kauri da ya raba ɗakin awo gida biyu. Ta ja shi nan, ta ja shi can, ta tabbata babu zoben da ya fita, babu kafar da ido zai leƙa. Sannan ta ɗauko abin awon jininta, irin na da, mai famfon roba da ake matsawa da hannu, ta goge shi ta zauna. Ni ce mai ba da magani, tagata tana kallon ƙofarta, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. An ce za a yi mata ɗan taro, a ba ta agogon bango, shugaban asibiti ya karanta jawabin nan da ya karanta wa direban motar asibiti bara, suna kawai zai sauya. Shi ya sa na ce bari in riga su magana, tun kafin a binne aikin matar nan da tafi da lemon kwalba.

Ɗalibai Anti Labule suke ce mata, kuma sunan ya bi ta da gaskiya. Dokarta ɗaya ce. Duk wanda ya shigo asibitin nan, ko ciwon kai ya kawo shi, ko yankan reza, ko shaidar lafiya ta sababbin ɗalibai, sai ya bi ta bayan labulen nan, shi kaɗai. Uwa ta jira a waje, ƙawa ta jira a waje, miji ma ya jira a waje ko zai kumbura ya fashe. In ka zauna, ba ta taɓa hannunka sai ta ce, “In ɗaura?” kuma ta jira amsa. Tana cikin matsa famfo sai ta sauke murya ta yi tambayarta: “Akwai wanda ya taɓa ki ba da yardarki ba, ko yake matsa miki?” Haka take tambayar mace, haka take tambayar namiji. 'Yar mai gadi da 'yar shugaban sashe, tambaya ɗaya. Wani babban malami ya taɓa fitowa daga bayan labulen yana huci, ya zo tagata yana cewa, “Ni za ta yi wa wannan tambayar? Da furfurata?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ma duk wata sai na sha ta. Ga maganinka, bayan abinci.”

Abin yana da asali. Shekarun baya makaranta ta buɗe ɗaki na musamman don waɗanda aka ci wa zarafi. Da kyakkyawar niyya aka yi, ba na musu. Aka yi fenti, aka kafa allo mai manyan haruffa, aka ajiye sabon benci a ƙofa. Wallahi har fentin ya koɗe ban ga 'yar mutum ɗaya ta zauna a bencin nan ba. Ko mai karaya gara ta tsaya da ƙafa ɗaya, domin zama a wurin daidai yake da shela. Masu hali kuwa ba su ma san da ɗakin ba, motar gida ce ke zuwa ta kai su asibitin kuɗi a cikin gari, a rufe magana. Waɗanda katin makaranta ne kaɗai gatansu, su ne suka rasa inda za su sa kansu. Sista ta ce min, “Ƙanwata, in na tambayi kowa, babu wadda za a nuna da baki.” Daga ranar ta kwaso aikin ɗakin nan ta kai shi bayan labule.

Layi yana tsawo, ba ƙarya. Na sha yi mata tsiya, in leƙo in ce, “Yaya, awon jini kike ko tatsuniya?” Sai ta ce, “Ke dai ƙirga ƙwayoyinki.”

A makon sababbin ɗalibai ita ake ba wa ƙarshen jawabi, lokacin da yunwa ta kori rabin zaure. Ba ta karanta takarda. Sai ta duba ta zaɓo ƙaton saurayi cikin masu surutu a baya, ta ce, “Ɗana, zo ka ara min hannunka.” Ta ɗaura masa abin awo, ta ce in ya ji zafi ya faɗa. Ta yi ta matsawa. Yaro ya daure saboda 'yan mata na kallo, ya ciji leɓe, can ya ce, “Anti, ya isa!” Nan take ta saki iskar. Sai ta juya ga zaure ta ce, “Kun gani? Ya ce ya isa, na tsaya. Ban ce ai shi ya miƙo min hannun ba. Ban ce ai ɗazu ya yarda ba. Ban ce ai ya yi dariya ba.” Wasu samarin sukan fita suna sheƙa dariya suna kwaikwayonta, ban ce kowa ya shiryu ba. Amma na ga waɗanda suka dawo daga baya, kai a sunkuye, suna neman a yi musu awon jini alhali lafiyarsu ƙalau.

Sista, ke ce kika mai da ɗakin awo aji. Ke ce uwar waɗanda ba su da motar da za ta zo ɗaukarsu. Sau nawa kika raka yarinya babban asibiti da ƙafarki mai ciwo, kika dawo kika tarar an sa miki jan biro a rajistar zuwa aiki? Ba ki taɓa kawo min ƙorafi ba, ni ce nake yi miki masifar a madadinki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni yin wannan jinjina da fara'a. Ba daga bakin Sista na ji abin da ya faru bayan labule ba, bakin nan ko da filaya ba ya buɗuwa. Uwar yarinyar ce ta tsaya a tagata ta ba ni labari, ta ce in faɗa wa duniya, in dai rufe suna.

Wata ɗaliba ce, kurma, mai shekara ashirin da wani abu, tana karatun ƙididdiga. Mai Tabarau muke ce mata. Kullum a layin gaba take zama a aji don ta karanci bakin malami. Makarantar nan mai hawa-hawan benaye ba ta da tafintan maganar hannu ko ɗaya. Sai aka yi dace, ko in ce aka yi rashin dace, a ajinsu akwai wani saurayi da ya iya, saboda ƙanensa kurma ne. Shi yake zama kusa da ita, shi yake rubuta mata lacca, shi yake maimaita mata darasi bayan an tashi. Har sunansa ya ɓace, kowa Tafinta yake ce masa. Malamai suna sa masa albarka. Ni kaina na taɓa ce masa, “Allah ya ba mu irinka da yawa.”

Ranar da ta fara zuwa asibiti, tare suka zo. Sista ta ce ya jira a waje, likita ya leƙo ya ce, “Haba Sista, to da wane baki za ku yi magana? Bar shi ya shiga.” Kuma ta bar shi. A duk tsawon aikinta wannan ne karon da dokar labule ta karye, kuma tausayi ne ya karya ta. Ta yi tambayarta, shi ya juya wa yarinyar da hannu, yarinya ta girgiza kai, suka tafi.

Da yamma na ga Sista zaune ta zuba wa bango ido. Na ce lafiya? Ta ce, “Tambayata doguwa ce, amma hannunsa gajere ya yi. Kuma shi ta kalla kafin ta amsa, ba ni ba.”

Mai Tabarau ta ci gaba da zuwa. Yau ciwon kai, gobe ciwon ciki, jibi rashin barci, kullum Tafinta na gefenta da murmushinsa. Sista ta taɓa tura mata takarda da biro, yarinyar ta turo su baya, ta nuna katinta da yatsa, ta nuna ɗakin masu ajiye kati. Ta san duk abin da aka rubuta a asibiti hannu da yawa ke bi ta kansa.

Sai kawai muka ga Sista ta daina cin abincin rana da mu. Ashe bakin ƙofar makaranta take tafiya, wurin wani tsohon kurma mai gyaran takalmi, ta zauna a kan ɗan kututture cikin warin gam da fata, yana koya mata maganar hannu. Mace mai jikoki, yatsu duk sanyin ƙashi ya lanƙwasa su. In ta yi kuskure ya daka mata duka a bayan hannu kamar 'yar firamare, ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Ma'aikata suka samu abin yi, ana cewa Sista ta fara koyon sana'ar ritaya. Ita kuwa ko a jikinta. In ba kowa a baranda sai ta tsaya gaban gilashin tagata tana gwada hannu, ni ina ciki ina kallon ikon Allah. Wata da watanni ta yi a haka.

Ranar da ta ga ta ɗan kama, Mai Tabarau da Tafinta suka zo kamar kullum. Ta tare ƙofa ta ce, “Ɗana, yau ka huta.”

Ya ce, “Anti, ai ba za ta gane ki ba.”

Ta ce, “Za mu lallaɓa.”

Ya zauna a benci yana fuskantar labulen, ido ƙyar. Na ƙwala masa kira, na ce tunda shi ɗan albarka ne ya taimaka ya kwaso min kwalayen ruwan ƙari daga sito. Na sa shi jigila har ya yi gumi.

Uwar ta ce da Sista ta ɗaga hannu ta fara, dariya ce ta fara kama yarinyar, domin hannun ya karkace, har ta kama yatsan Sista ta gyara mata shi. Sai da aka maimaita ta gane abin da ake tambayarta. Dariyar ta ɗauke. Ba ta amsa ba ranar. Bayan kwanaki na ɗaga kai na gan ta a layi ita kaɗai, abin da ban taɓa gani ba. Ta daɗe a bayan labulen nan, layi ya kai har waje, kuma ranar ban yi wa kowa tsiya ba.

Ashe tun zangon farko Tafinta yake cin zarafinta. A ajin da kowa ya watse, inda ake cewa darasi yake maimaita mata. In ta ƙi, sai ya rufe littafinsa ya sa a jaka, washegari ya zauna nesa da ita, ta wuni tana kallon bakin malami kamar mai kallon kifi a ruwa. Bai taɓa buƙatar yi mata barazana da wuƙa ba.

Sista ta fara da abin da ke hannunta, gwaje-gwaje da magani da likitar mata. Ba ta matsa mata ta kai ƙara ba, ta ce zaɓi nata ne. Sai yarinyar ta yi mata tambayar da har yau take cin Sista a rai: “In na faɗa, wa zai ji min lacca?” Uwar ta sayar da keken ɗinki ɗaya cikin biyu ta kawo ta makarantar nan, kuma saura shekara guda da ɗoriya ta gama. Sista ba ta yi mata ƙarya ba. Da karkataccen hannunta ta ce, “Ban sani ba. Amma ba zan bar ki ke kaɗai ba.” Yarinyar ta je ta yi tunani, ta dawo ta ce za ta faɗa.

Kwamiti ya zauna. Yarinyar ta rubuta bayaninta, suka ce rubutu bai isa ba, dole a ji ta fuska da fuska, shi ma ya yi mata tambayoyi. To wa zai fassara? Mutum ɗaya ne ya iya sosai a duk makarantar, shi ne kuma ake tuhuma. Sista shaida ce, kuma gaskiyar magana hannunta bai kai na zaman shari'a ba, ita ma ta faɗa. Aka ɗage sai an samo ƙwararren tafinta daga waje. Aka sake ɗagewa saboda ba a sa hannu a takardar kiransa ba. Aka sake ɗagewa saboda shugaban kwamiti ya yi tafiya. Ba wanda ya ce mata ƙarya take yi, kowa “Allah sarki” yake cewa, amma ba a zauna ba.

A aji kuwa labari ya bazu. Aka ce butulu ce, an taimake ta ta saka da sharri. Kujerar da ke gefenta ta zama kango. Sista ta bi ɗakunan kwanan 'yan mata tana roƙo, ta samu biyu da suka yarda su riƙa ba ta rubutunsu. Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma da jarrabawa ta matso kowa ya koma ta kansa. Sai Sista ta sauya lokacin aikinta, ta riƙa zuwa laccar da kanta. Ku kwatanta abin a ranku, tsohuwa cikin farin kaya a tsakiyar matasa, tana rubuta ƙididdigar da ba ta san kanta ba balle gindinta. Malamin yana da halin juya wa aji baya yana magana da allo. Ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, don Allah ka juyo, bakinka take karantawa.” Aji ya kwashe da dariya. Ya ba da haƙuri, ya juyo na ɗan lokaci, ya manta ya koma ga allonsa. Da yamma Sista takan zo tagata da littafin ta ce, “Ƙanwata, wannan alamar mece ce?” Ni da ita duk makafi ne a wurin.

Sakamako ya fito, Mai Tabarau ta faɗi. Aka ba ta dama ta maimaita, cikin ajin da babu mai ji mata, ta sake faɗuwa. Doka ta ce ta tafi. Shi kuwa Tafinta ya gama lafiya. Da idona na gan shi cikin rigar kammala karatu yana ɗaukar hoto da iyayensa a gaban furannin asibitinmu. Kwamiti ya ce tunda ba ɗalibi ba ne yanzu, maganar ta fi ƙarfinsu. Ranar sai da na shiga sito na rufe ƙofa na yi kuka, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Sista, na san abin da kike gaya wa kanki in kina murza gwiwa. Kina cewa da ba ki tambaye ta ba, da yanzu tana da takardarta. Ki daina. Ba tambayarki ce ta kore ta ba. Mu ne muka karɓi kuɗin rajistarta muka ba ta kujera, muka bar kunnenta a hannun mutum ɗaya, muna sa masa albarka. Ke kaɗai ce kika zauna a kan kututture kika sha duka a bayan hannu don ki ji ta bakinta. Kin makara, ke ma kin sani, amma sauranmu ko tashi ba mu yi ba.

Wadda za ta gaje ki ta iso, yarinya ce mai kirki da saurin aiki. An sayo mata na'urar awo mai batir, a kan tebur ake ɗaura wa mutum a gaban kowa, kafin ka ƙifta ido an gama. Shugaba ya ce layi zai ragu. Na ji kafinta yana auna wajen labulen, wai za a kafa kantoci.

Makon jiya uwar ta zo da Mai Tabarau kwashe kayanta. Suka biyo ta asibiti yin sallama. Yarinyar ta rame, amma ta rungume Sista, suka yi ta magana da hannu, ni ban san me suka ce ba. Da za su tafi sai uwar ta tsaya a baranda, daidai tagata, tana murɗa bakin mayafinta.

Ta ce, “Sista, shawara nake nema. Ƙanwarta ma haka aka haife ta, ba ta ji. Ta fi yayar kai ma. Ta ci jarrabawa, an ba ta gurbi a nan. In kawo ta?”

Matar nan da na sani, wadda ta sha durƙusa wa iyaye maza tana roƙonsu kada su cire 'ya'yansu daga makaranta, ta kalli sabuwar nas. Ta kalli ɗakin likita. Ta kalle ni ta cikin gilashi, na sunkuyar da kai ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Can ta ce, “'Yar'uwa, ƙarshen watan nan zan tafi. Ki ɗan ba ni lokaci.”

Uwar ta ce, “To. Amma rajista ta kusa rufewa.”

Mun gode, Sista. Na gode a madadin waɗanda ba za su iya fitowa su gode miki a bainar jama'a ba, kuma suna da yawa, ni na ba su magani na san fuskokinsu. Allah ya hutar da gajiyarki, ya sassauta miki gwiwar nan, ya sa jikokinki su ji ƙanki.

Ku kuma da kuke karanta wannan, malamai da nas-nas da masu zama a kwamiti da masu sa hannu a takarda, ba na roƙonku ku tafa mata, tafi ba ya fassara lacca. Ku tambayi kowa, ku tambaye shi shi kaɗai, da yaren da yake ji. Ku ɗauki tafinta aiki kamar yadda kuke ɗaukar mai gadi. Tsohon nan mai gyaran takalmi yana bakin ƙofa har yanzu, kututturen babu kowa a kai, ni na fara zuwa shekaranjiya kuma na riga na sha duka.

Uwar ta bar lambarta a tagata. Jiya ta kira, yau ma ta kira. Ta ce ƙaramar ta riga ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, kullum da safe sai ta nuna mata ita da yatsa. Har yanzu babu wanda ya iya ce mata ta kawo ta.